Gyaran Tsohuwar Na'urar Maganar Ƙanena: Kwana 26 Ba Murya

Ƙanena ya danna "a'a", na'urar ta ce "eh". Ya sake dannawa, ta sake cewa "eh". Ina tsaye riƙe da rigar da nake so ya saka, shi kuma ya kafe ni da ido, irin kallon nan na "kin dai san ba haka na ce ba". Da na ɗaga na'urar na karkata ta a haske sai na ga gefen allon ya ɗan taso, kamar littafin da ya sha ruwa. Batir ne ya kumbura a ciki yana tura allon daga ƙasa, shi ya sa yatsa ke sauka a wani gida, na'urar ta karanta na maƙwabcinsa.

An haife shi da larurar da ta taɓa sashen ƙwaƙwalwa mai sarrafa motsin gaɓoɓi. Hankalinsa garau, wayonsa ma ya fi nawa, sai dai harshe da hannu ba sa yi masa biyayya yadda yake so. Shekara 11 ke nan yana magana da wannan na'ura: akwati ne mai kauri da ke ɗaure a jikin kekensa, allonsa an raba shi gida-gida, kowane gida da hoto da kalma. A saman allon akwai faranti na roba mai ramuka, mu a gida rariya muke kiransa, wanda ke hana yatsansa zamewa. Da ita yake gaisuwa, da ita yake faɗa, da ita yake tsokanata.

Farko kamfanin da ya ƙera ta na tuntuɓa. Sun amsa da ladabi cewa an daina yin wannan samfurin, kayan gyaransa sun ƙare, sai dai a sayi sabuwa. Na ji haushi, amma ban yi mamaki ba. Masu harkar ba sa lissafin irin wannan kaya zai daɗe haka. A Amurka ma, inshorar lafiya ta Medicare shekara 5 take ɗauka a matsayin tsawon ran kayan taimako irin waɗannan kafin a yi maganar biyan sabo. Tamu ta ninka haka har da ɗori. Ƙwararriyar da ke koya masa magana ce ta haɗa ni da wani wurin gyara mai zaman kansa da ke karɓar kayan masu buƙata ta musamman. Aikinsu nake wa wannan sharhi, sannan da abin da ya biyo baya.

Bari in fara da inda suka burge ni. Kafin mai gyaran ya kwance noti ko ɗaya, tambayarsa ta farko ita ce: "Kuna da kwafin shafukansa?" Na yi shiru. Shekara 11, ban taɓa yin kwafi ba, rashin sani ya fi dare duhu. A gabana ya jona ƙaramar ma'ajiya, ya kwashe shafukan, wato jerin gidajen kalmomin da ke fitowa a allon, da hotunan da muka ɗora da hannunmu, ya yi kwafi biyu, ya miƙa mini ɗaya ya ce kada in ajiye shi jaka ɗaya da na'urar. Daga nan ya cire batirin da ya kumbura ya ware shi cikin wani gwangwani, ya ja mini kunne cewa batirin litiyom idan ya kai wannan hali ba a ƙara yi masa caji, ba a matsa shi, ba a huda shi, domin yana iya kamawa da wuta. Sai da gabana ya faɗi, don kuwa daren jiya a gefen gadon yaron na bar ta tana caji.

Aikin hannu kam ba ni da ƙorafi. Sun samo batir mai daidai da ƙarfin wutar na asali, sun canja fatar allon da ke jin taɓi, sun sake like bakin caja da dalma, sun sa sabuwar sifika domin tsohuwar ta fara kakari idan aka ƙara sauti. Ramin da ake jona makunni na waje, wato maɓallin da ƙanena ke dannawa maimakon allo ranar da hannu ya gaji, shi ma sun wanke shi. Ta dawo tana kai yini guda ba caji, abin da rabonta da yi har na manta.

To, ga inda aka ɓata mini rai.

An ce kwana 10. Sai da aka yi 26. Na yarda samun fatar allon tsohon samfuri ba abu ne na yau-yau ba, kuma da an faɗa mini gaskiya tun farko da na shirya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne babu na'urar aro. Wanda ya kai waya gyara zai ari ta wani. Wanda ya kai bakinsa gyara fa? Mun koma allon takarda da na zana a gurguje, haruffa da 'yan kalmomi, yana nuni ina karantawa. Takarda tana aiki, kuma ina ba kowa shawara ya ajiye irinta ko da na'urarsa sabuwa ce fil. Amma takarda ba ta kiran mutum daga wani ɗaki. Takarda ba ta katse wa mutum magana. A mako na biyu na lura baƙi sun daina tambayarsa, ni suke tambaya: "Ya jikinsa? Ya yi barci?" alhali yana zaune a gabansu yana jin komai. A mako na uku ni ma na kama kaina ina amsawa a madadinsa ba tare da na dubi inda yatsansa yake ba. Wannan ya fi komai ci mini rai, kuma ba laifin mai gyara ba ne kaɗai.

Da ta dawo kuma sai wata sabuwa. Shafuka suna nan, murya tana nan, amma yana danna kalma ɗaya sai ta fito sau uku. Ashe garin saita sabon allon an mayar da tsarin taɓi yadda ya fito daga masana'anta. Wanda bai zauna da mai rawar hannu ba ba zai gane girman wannan ba. A cikin na'urar akwai wurin da ake faɗa mata tsawon lokacin da yatsa zai zauna a gida kafin ta yarda da gangan aka danna, da tsawon lokacin da za ta yi kunnen ƙashi da dannawa ta biyu. Bambancin bai kai daƙiƙa ɗaya ba, amma shi ne tsakanin magana da hayaniya. Waɗannan lambobi ba sa cikin kwafin da aka yi, kuma babu wanda ya rubuta su, har da ni. Mako guda muka yi da malamarsa muna ƙarawa muna ragewa kafin muka dawo kusa da inda yake. Don haka duk mai shirin kai irin wannan na'ura gyara, ya buɗe shafin saiti ya ɗauki hoton kowane layi da wayarsa: tsawon dannawa, saurin murya, kaurinta, ƙarfin sauti, da kalmomin da aka gyara wa lafazi.

Wani ƙaramin abu kuma, wanda a wurina ba ƙarami ba ne: ranar karɓa, ni mai gyaran ya yi ta yi wa bayani. Mai na'urar yana gefe. Sai da na ce, "Malam, ga mai ita nan, shi za ka tambaya ko ta yi," sannan ya juya. Ya ba da haƙuri nan take, na kuma ga alamar ya ji kunya, shi ya sa ban riƙe shi a zuciya ba.

Gaskiyar da ya faɗa mini a ƙarshe ita ce ta sa na ƙara ganin girmansa. Ya ce ya saya mana lokaci ne kawai. Babban allon wutar da ke ciki, wanda duk kayan na'urar ke jone a kansa, ya tsufa, idan ya mutu ba shi da madadi. Ga shi na'urar a kan tsohon tsarin kwamfuta na Windows 7 take tafiya, wanda aka daina sabunta tsaronsa tun Janairun 2020, don haka ya ce kada mu riƙa jona ta da intanet. Shawararsa: mu fara neman sabuwa yanzu, tun tsohuwar tana numfashi.

A nan ne na gane cewa akwatin ba shi ne na'urar ba. Mun karɓi wata sabuwa ta gwaji, mara nauyi, allo tar, tana hasashen kalmar da za a rubuta, tana iya tura saƙo, har ana iya ƙara mata kyamarar da ke bin motsin ido idan wata rana hannu ya gaza. A takarda ta fi tsohuwar ta ko'ina. Amma kwafin shafukanmu ya ƙi buɗewa a cikinta, domin kusan kowane kamfani da irin tsarin da yake adana shafukansa. Akwai wani tsari na bai-ɗaya mai suna Open Board Format da aka fito da shi don magance wannan matsala, sai dai ba kowace manhaja ke karɓarsa ba, tsohuwarmu kuwa ba ta ma san da zamansa ba. Dole na zauna da hotunan shafuka ina gina su gida bayan gida, dare bayan dare.

Mutane na cewa ai kalmomin duk suna nan, me zai hana ya koyi sabon wurinsu? Sai in ce su ɗauki wayarsu a ce an hargitsa haruffan allon rubutu, kowanne ya koma wani wuri, su rubuta saƙo in gani. Ƙanena ba neman "ruwa" yake da ido ba. Hannunsa ne ya haddace hanyar: sama ta dama, sannan gida na uku. Shekara 11 na wannan hadda ba a zubar da ita don allo ya fi haske. Har rariyar sai da aka yanko sabuwa daidai da girman ramukan tsohuwar, kafin yatsansa ya saki jiki.

Mun kuma gwada kwamfutar hannu ta gama-gari da manhajar magana. Tun da wata irin wannan manhaja mai suna Proloquo2Go ta fito a 2009 wannan hanya ta buɗe wa iyalai da yawa ƙofa, kuma ban raina ta ba. Mu dai ba ta karɓe mu ba: allon yana amsa ko da gefen tafin hannu ne ya goge shi, sautinta kuma yana ɓacewa cikin taro sai an haɗa da wata sifika. Ita ma ba ta tsira daga tsufa ba. Lokacin da iOS 11, tsarin da ke tafiyar da wayoyi da kwamfutocin hannu na kamfanin Apple, ya fito a 2017, tsofaffin manhajojin da ba a sabunta ba sun daina buɗewa gaba ɗaya.

Sai maganar murya, wadda ita ce ta fi tsaya mana a wuya. Muryar da ke cikin tsohuwar ba ta cikin jerin na sabuwar. Sababbin sun fi laushi, sun fi kama da na mutum. Na kunna masa guda shida yana saurare, fuska ba yabo ba fallasa. Da aka gama ya jawo tsohuwar ya rubuta: "Wannan ba ni ba ne."

Ba shi ya fara ba. Stephen Hawking, masanin kimiyyar nan na Ingila, ya rasa muryarsa a 1985 bayan ciwon huhu ya sa an yi masa aiki a maƙogwaro. Ya koma magana da wata na'ura mai suna CallText 5010, wadda muryarta ta samo asali daga aikin Dennis Klatt na jami'ar MIT da ke Amurka. Mutumin Ingila ne, muryar kuma da karin harshen Amurka, amma ya riƙe ta fiye da shekara 30, an kawo masa waɗanda suka fi ta tsabta ya ƙi. Da kayan cikinta suka tsufa, sai da injiniyoyi suka zauna suka kwaikwayi tsohuwar na'urar a kan ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi, suka kammala a farkon 2018, shi kuma ya rasu a watan Maris na wannan shekarar. Shi yana da injiniyoyi. Mu muna da mai gyara ɗaya da katin ajiya.

Na san yanzu ana iya adana muryar mutum kafin ta tafi. Apple ma ya kawo irin wannan a wayoyinsa a 2023, mutum ya karanta jimloli, wayar ta gina murya mai kama da tasa. Alheri ne babba ga wanda cuta ke shirin ƙwace masa magana. Ƙanena kuwa ba shi da wata murya ta baya da za a adana. Wannan ta injin, mai ɗan sanƙarewa, ita ce tasa. Da ita ya fara kirana Yaya.

To ko zan sake kai musu? Zan kai, amma da sharaɗi: a rubuta mini ranar karɓa, a tanadi ta aro ko a bar mini tawa har kayan gyaran su iso, a kuma yi saitin taɓi mai ita yana wurin. Hannunsu yana da kyau, kuma ba su yi mini ƙarya kan abin da gyara ba zai iya ba. Abin da suka rasa shi ne sanin cewa kwana ɗaya a teburinsu kwana ɗaya ne na shirun wani. Wanda na'urarsa batir ne ko allo ko bakin caja kaɗai ya lalace, ya gyara, da tsohuwar zuma ake magani. Wanda babban allon wutarsa ya fara ɗauke wuta haka kawai, kada ya ɓata lokaci.

Yanzu na'ura biyu ke gidan. Tsohuwar tana jikin keke, sabuwar tana kan tebur, kullum da yamma yana ba ta kamar rabin awa. Ya zaɓi murya ɗaya daga cikin shidan, mun rage mata sauri, mun ƙara mata kauri har ta ɗan yi kusa. Shafi 14 suka rage ban gina ba. Shekaranjiya ina cikin yi masa bayanin inda na mayar da gidan "gajiya", ina ta zuba, sai na ga ya miƙa hannu ya wuce tsohuwar, ya laluba sabuwar a hankali, ya yi kuskure sau ɗaya, ya goge, ya sake. Sabuwar muryar ta ce: "Yaya, kin cika surutu."