Gidan mallakar dindindin da na wa'adi a Ingila: wanne za ka saya?

Ɗan'uwa, ka ce ka ga gidaje biyu a Ingila. Ɗaya ƙaramin gida ne mai kofarsa, an rubuta firihol a tallansa. Ɗayan kuma fulat ne a bene, ya fi araha, an rubuta lisihol, saura shekara 83. Kana son sanin bambancinsu a wajen doka, da kuma lokacin da ciniki yake ɗaure mutum.

Firihol ba shi da dogon bayani. Ginin naka ne, ƙasar da yake kai taka ce, babu ranar da mallakar za ta ƙare. Rufi ya yi yoyo, aljihunka ne zai ji, kuma kai za ka zaɓi mai gyara da lokacin gyaran. Abin da lauya zai duba maka shi ne ko akwai tsohon sharaɗi a takardar filin, kamar hana ƙara gini ko hana kasuwanci a gidan, da ko maƙwabci yana da haƙƙin wucewa ta cikin filinka. A wasu sababbin unguwanni ma masu firihol suna biyan kuɗin kula da tituna da filayen shaƙatawa duk shekara, don haka a tambaya.

Lisihol kuwa shekaru kake saya. Ƙasar da gangar jikin ginin na wani ne, kai kuma ka sayi izinin zama na wani wa'adi, galibi shekara 99, ko 125, ko 999 daga ranar da aka fara rubuta yarjejeniyar. Wa'adin ba ya sabuntuwa don gida ya canza hannu. Wanda ya sayar maka ya ci nasa rabon shekarun, saura ne zai miƙa maka. In wa'adin ya ƙare ba a tsawaita ba, mallakar ta koma hannun mai ƙasa. Kusan duk fulat a Ingila da Wales a haka ake sayar da su, saboda haka kalmar ita kaɗai ba abin tsoro ba ce. Lambar da ke gefenta ce abin dubawa, kuma taka 83 ce.

Ga dalilin da lambar ta dame ni. Dokar 1993 ta ba mai fulat haƙƙin ƙara shekara 90 a kan abin da ya rage, ya biya mai ƙasa diyya. Amma a tsarin wannan dokar, da zarar saura ya yi ƙasa da shekara 80, sai lissafin ya canza. Tsawaita wa'adi yana ɗaga darajar fulat, kuma rabin wannan ƙarin darajar mai ƙasa ake ba. Kai tsakaninka da wannan iyakar shekara 3 ce kacal. Bankuna ma suna ja da baya wajen ba da bashin gida idan shekarun suka ragu, kowanne da iyakar da ya sa. Ko da kai da kuɗi a hannu za ka saya, ka tuna wanda za ka sayar wa nan gaba mai yiwuwa banki zai je. Sau da yawa arahar da ake gani a irin wannan fulat kuɗin tsawaita wa'adin ne aka cire daga farashi, ko ma ba a cire duka ba.

An yi sabuwar doka a watan Mayun 2024 da ta tanadi soke wancan rabin, ta kuma mayar da ƙarin ya zama shekara 990. Sai dai sassanta ba tare suke fara aiki ba, kowanne sai an sa masa rana. Wanda ya shafe ka kai tsaye ya fara a ranar 31 ga Janairun 2025: an cire sharaɗin sai mutum ya yi shekara 2 da mallakar fulat kafin ya nemi ƙari. Ka sa lauya da mai ƙiyasta darajar gidaje su yi maka lissafi da dokar da ke aiki a ranar cinikin, kada ka gina sayayyarka a kan sauƙin da ake jira.

Sai kuɗaɗen shekara-shekara, waɗanda galibi mai firihol bai san da su ba. Na farko kuɗin hayar ƙasa. Tun 30 ga Yunin 2022 sababbin yarjejeniyoyi ba sa ɗauke da shi, doka ta mayar da shi ƙwayar masoro ɗaya a shekara, wato babu ke nan. Amma fulat ɗinka tsohuwar yarjejeniya ce, wannan sauƙin bai shafe ta ba. Ka nemi sakin layin da ya yi maganar yadda kuɗin ke ƙaruwa. Akwai yarjejeniyoyin da ke ninka shi duk shekara 10. Fam 250 kamar ba komai ba ne, amma a ninka shi sau biyar, bayan shekara 50 ya zama fam 8,000 a shekara.

Na biyu kuɗin hidima: inshorar gini, share matakala, gyaran lif, rufi. Ba shi da tsayayyen adadi. Lauyanka zai karɓi takardun bayani daga masu kula da ginin, kuma a nan ya kamata ka zauna ka karanta da idonka. Duba lissafin shekaru ukun baya. Akwai asusun ajiya don manyan gyare-gyare, ko babu ko sisi? An aiko wa mazauna sanarwar wani babban aiki? Dokar 1985 ta ce idan aikin zai ci wa mai fulat ɗaya fiye da fam 250, dole a tuntuɓe su tukuna, to irin wannan wasiƙar kake nema. Ta iya yiwuwa mai sayarwa ya ga lissafin sabon rufi yana tafe shi ya sa yake sauri. In ginin dogo ne, a tambayi lafiyar abin da aka lulluɓe bangonsa da shi, domin tun bayan gobarar dogon benen Grenfell da ke Landan a 2017 wannan ya hana fulat da yawa sayuwa. Kuma kada ka yi wasa da bashin waɗannan kuɗaɗe, don idan ya wuce fam 350, ko ya haura shekara 3 ba a biya ba, mai ƙasa yana iya bin hanyar kotu ya nemi soke yarjejeniyar gaba ɗaya. Ba kasafai ake kaiwa nan ba, amma ƙofar a buɗe take. Yarjejeniyar kuma tana iya hana ka ba da haya, ajiye dabba, ko rushe bango sai da izini.

Tambayarka ta biyu amsarta ɗaya ce ga gidajen biyu. A Ingila da Wales, don dillali ya ce an karɓi tayinka, ba a ɗaure kowa ba. Mai gida yana iya sallama wa wanda ya fi ka tayi, kai ma kana iya fasawa, abin da ka kashe wa lauya da mai duba lafiyar gini ya tafi. Ɗaurin yana zuwa ne ranar da lauyoyin biyu suka yi musayar takardun yarjejeniya, inda galibi ake biyan kafin alƙalami na kashi 10 cikin 100. Ka fasa bayan nan, ka yi asararsa. Duk binciken ƙaramar hukuma, na magudanar ruwa da na ambaliya, dole ya kammala kafin wannan ranar. Scotland tsarinta daban ne, kada ka ɗauki wannan ka kai can.

In da uwargida za ku saya, lauya zai tambaye ku irin mallakar haɗin gwiwar da kuke so. A ɗaya, wanda ya rasu rabonsa ya koma ga na raye kai tsaye, ko me wasiyya ta ce. A ɗayar, kowa da kasonsa, kuma yana shiga cikin gadonsa. Ku yi shawara tun kafin a miƙo takardar.

Ni dai da kuɗina ya kai, gidan firihol zan ɗauka. In fulat ɗin ne ya kwanta maka, ka nemi mai shi ya tsawaita wa'adin kafin ciniki ya faɗa, ko a rage maka kuɗin tsawaitawar daga farashi bisa ƙiyasin da aka rubuta a takarda. Ka kuma ɗauki lauyan da kai ka zaɓa, wanda ya saba da aikin lisihol, ka ce ya ba ka taƙaitaccen bayanin yarjejeniyar a rubuce kafin ka sa hannu.