Girkin Zumuntar Mata a ranar jana'iza: yadda ta kaya mana

Duk wanda aka yi wa rasuwa a Jos ko Bukuru ya san kafin hawaye su bushe maganar abinci ta taso. Dangi za su sauko daga ƙauye, abokan aiki daga Abuja da Kaduna, kuma ba wanda za a sallama da yunwa. Ko dai ka ɗauko masu girkin haya, ko ka kai kukanka ga Zumuntar Mata ta majami'arku. Mu ta biyun muka bi da Baba ya rasu a Disambar 2024, lokacin buhun shinkafa ya haura naira 80,000.

Ba sa karɓar kuɗin aiki. Kusan kowace ikilisiya a nan, ECWA ce, COCIN ce ko EYN, tana da irin wannan zumunta. Uwar Zumunta ta miƙo mini takarda da rubutun biro: shinkafa, tsakin masara, manja, itace, nama, tumatir da attarugu, ta ce in je kasuwar Farin Gada da sassafe kafin 'yan sari su kwashe masu kyau. Tukwane, muciya da ludayi nasu ne.

Da daddare sun yi mana waƙoƙin ta'aziyya da tulu da gora har Mama ta samu ta rintsa. Ƙarfe 4 na asuba kuma suna bayan gida suna jera duwatsun murhu, kowace da rigar sanyi a kan zanen zumunta, ga hunturun Filato yana yankan kunne.

Gwaten ba magana. Yakuwa da gauta sun ji daidai, mutanen ƙauye har suna neman ƙari. Dafa-dukar ce ba ta zo ɗaya ba: tukunyar farko ta yi daɗi, ta uku gishiri ya yi mata yawa, don hannu da yawa ne ke zubawa. An ɗan yi ka-ce-na-ce kan ƙirgen nama, kuma da muka dawo daga maƙabarta baƙi sun jima a zaune kafin rabo ya kai kansu. Mai son teburi da ado da ma'aikata masu ɗamara, gaskiya ya nemi 'yan haya.

Abin da ya tsaya mini a rai bayan watsewar taro ya faru. Wata dattijuwa, gwauruwa, wadda ban taɓa ganinta a sahun gaba na masu waƙa ba, ta durƙusa a bakin rijiya tana dirzar gindin tukunya da toka da yashi. Hannayenta duk kaushi, ruwan kuwa kamar ƙanƙara. Na matso da ɗan abin da na naɗe a ambulan.

"Mama, sannu da aiki. Ga wannan, ko na sabulu."

Ko ɗagowa ba ta yi sosai ba. "A'a ɗana, mayar aljihu. Ranar da na binne maigidana, mahaifiyarka ce ta wanke tukwanen nan. Ni ce da godiya, da Ubangiji ya bar mini gwiwar durƙusawa."

A jawabin godiya mun ambaci Fasto, dattawan ikilisiya, 'yan kwaya, har da mai lasifika. Masu wanke tukunya ba wanda ya kira su, kuma haka ake yi a kusan kowace jana'izar da na halarta. Amma a Littafi Mai Tsarki, Ayyukan Manzanni sura 9, da wata mai bi mai suna Dokas ta mutu a Yafa, riguna da ta ɗinka gwauraye suka riƙa nuna wa Bitrus suna kuka. Bayan mako guda ma, da gida ya yi tsit, matan nan ne suka dawo da kunu suka zauna da Mama.

Idan za ka neme su, ka sanar da wuri, ka sayi itace fiye da abin da aka rubuta, ka sa mace ɗaya daga cikin dangi ta tsaya kan nama da gishiri. Kuɗi ba za su karɓa a hannu ba, sai ka sa a asusun zumunta ranar Lahadi. Kuma tun kafin a fara rabo ka ware musu kula guda, don in ba haka ba ƙanzo kawai suke samu.