Dokokin aron littafi a laburaren kwalejinmu: abin da na gani tun daga rajista har sallama

Dokokin aron littafi na laburaren kwalejinmu ba su cika shafi biyu ba, kuma yawancinsu ina goyon bayansu ɗari bisa ɗari. Inda nake da magana shi ne a kan wanda dokar ke kamawa da wanda take tsallakewa. Na yi karatun koyon malanta a nan Jos, ina jeka-ka-dawo daga unguwar Rikkos. Halin gidanmu bai kai a saya mini littattafan kwas ba, don haka laburaren nan ne ya riƙe ni tun daga shekarar farko har ranar da aka sa mini hannu a takardar sallama. Ba zan kama sunan makarantar ba, saboda akwai mutanen kirki a wurin da ba na so maganata ta jawo musu tsangwama.

Rajista ba ta da wahala. Za ki kai rasidin kuɗin makaranta, da takardar shiga, da ƙananan hotuna biyu, a ba ki katin laburare da tikitin aro biyu. Kowane tikiti na ɗaukar littafi ɗaya, na tsawon sati biyu. A bangon baya na kowane littafi, ta ciki, akwai ɗan aljihun takarda da kati a cikinsa. Ma'aikaciya za ta zare katin, ta cusa shi cikin tikitinki, ta jera a wani dogon akwatin katako bisa kwanan watan da za ki dawo da littafin, sannan ta buga hatimin ranar a kan farar takardar da aka manna a shafin ƙarshe. Tsohon tsari ne, amma yana da wata fa'ida da ba a raina ta a garin da wuta ke zuwa ta tafi: ko an ɗauke wuta ana ba da aro. Sun fara shigar da littattafan cikin kwamfuta kafin na gama, sai dai har na bar makarantar akwatin katakon nan ne abin dogaro.

Ɗalibai da yawa suna ƙorafin cewa littafi biyu sun yi kaɗan. Ni ban ga haka ba. Ajinmu ya fi mutum ɗari, littafin da malami ya ce a karanta kuwa wani lokaci kwafi uku ne kacal a kan kanta. In aka bar kowa ya kwashi biyar ya riƙe wata guda, 'yan gaban layi za su share komai tun satin farko, sauran mu koma kan handawut. Sati biyu ya ishi mai niyyar karatu ya karanta babin da ya dame shi, ya fitar da abin da yake so a littafin rubutunsa.

Abin da ya fi ba ni wahala a wannan ɓangare shi ne sabunta aro. An yarda ki ƙara sati biyu sau ɗaya, matuƙar babu wanda ya rubuta suna yana jiran littafin. To amma sai kin zo da littafin a hannu an sake buga hatimi. Ga 'yan hostel wannan ba komai ba ne. Ga wadda za ta hau keke zuwa Terminus da ke tsakiyar gari ta sake hawa wani, a ranar da ba ta da lacca, kuɗi ne tsababa, musamman tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin abin hawa ya haura. Na fahimci dalilinsu, suna so su ga littafin da idonsu su tabbatar bai ɓace ba. Duk da haka da sun yarda da saƙon waya a sabuntawar farko, da an rage wa 'yan gari nauyi.

Dokar da na fi gode wa ita ce ta littattafan ajiya. Idan littafi ya yi farin jini kuma kwafinsa kaɗan ne, sai a ɗauke shi daga kanta a ajiye bayan teburin ma'aikata. Ba ya fita ko'ina. Za ki ajiye katinki, a ba ki shi na awa biyu, ki zauna a ɗakin ki karanta. Wata dattijuwa 'yar Birom ce ke kula da wannan teburi, kowa Mama yake ce mata. Tana da wata doguwar rajista mai jan bango da take rubuta suna da lokaci, da agogon hannu da take kwancewa ta ajiye a gefen rajistar. Ranar da na fara zuwa neman littafin ilimin halayyar yara, ana saura kwanaki jarrabawa, na tarar da sunaye a gabana. Na ce, "Mama, don Allah ki taimaka mini, daga nesa na zo." Ta ce, "'Yata, duk waɗanda ke gabanki ma 'ya'yana ne. Rubuta sunanki, ki je ki yi sallarki ki dawo, ba wanda zai tsallake ki." Da na dawo daga azahar, littafin na kan teburinta, ta ɗora masa katina. Ban taɓa ganin ta ba wani a ɓoye ba, ko ɗan wane ne. Lokacin hunturu, da sanyin Jos ke shiga har ƙashi, a ɗakin nan za ki ga mutane cikin rigunan sanyi da safa tun ana buɗe ƙofa, kowa na jiran awa biyunsa, kuma ba a faɗa, saboda an yarda da rajistar Mama.

Ƙamus, da manyan kundayen bayanai, da mujallun bincike, da furojet ɗin ɗaliban baya, duk ba sa fita. Wannan ma daidai ne. Ko Babban Laburaren Ƙasa, wanda doka ta kafa a 1964 kuma yake da reshe a nan Jos, ba ya ba mutum aro ya tafi gida, a wurin ake karantawa, duk da cewa doka ta wajabta wa masu buga littafi su kai masa kwafi uku na duk abin da suka buga. Furojet kuwa sau da yawa kwafi ɗaya ne tal, in ya tafi ya tafi ke nan. Mu mutanen Jos ba sai an yi mana dogon bayani a kan asarar littafi ba. Gobarar da ta cinye laburaren Jami'ar Jos da ke Naraguta a watan Oktoban 2016 ta nuna mana cewa gini ana sake shi, amma abin da aka tara shekara da shekaru ba a tashi ɗaya a mayar.

Binciken bakin ƙofa bai taɓa ɓata mini rai ba. Ana ajiye jaka a waje, a ba ki lamba. In za ki fita sai ki buɗe duk littafin da ke hannunki a duba hatimi. Mace ce ke duba mata, kuma ga masu dogon hijabi irina sukan ce ki ɗaga gefe kawai a gani, cikin mutunci. Shawarata dai kada ki bar kuɗi ko waya a cikin jakar, don wurin ajiyar a buɗe yake.

Yanzu ga inda takalmin ya fara matsa mini. A lokacinmu tarar jinkiri naira 50 ce a kowace rana kan kowane littafi. Kuɗin ba shi da yawa, kuma dole a yi tara, in ba haka ba ba mai dawo da komai. Matsalar ita ce hatimin bai san abin da ke faruwa a gari ba. Lokacin dokar hana fita ta awa 24 da aka sa a Jos ta Arewa a watan Agustan 2021, littattafai biyu na hannuna, kuma ko an sassauta dokar ba iyayen da za su bar 'yarsu ta ratsa gari don mayar da littafi. Da muka koma, sai aka lissafa mana kwanakin gaba ɗaya, har da ranakun da laburaren kansa yake kulle. Daga baya na ji cewa in ka rubuta takarda zuwa ga shugaban laburare za a yafe. Na rubuta, aka yafe mini ba tare da ja-in-ja ba, kuma na gode. Amma ba a manna wannan sanarwa a ko'ina ba. Waɗanda ba su ji ba sun biya, wasu kuma tsoron tarar ya sa suka ƙi dawo da littattafan sam, tara na ta hawa, su kuma suka daina shiga laburaren. Tarar da aka yi don littafi ya dawo sai ta zama ita ke korar mai littafin. A garin da ya san dokar hana fita, da hutun dole, da yajin aiki, ya kamata a rubuta ƙarara cewa duk ranar da ƙofa ba ta buɗe ba, ba ta cikin lissafi.

Hanyar biyan ma tana buƙatar gyara. Ba a karɓar kuɗi a hannu, sai ta banki a kawo rasidi. Na san an yi haka ne don kada kuɗi su maƙale a aljihun wani, kuma ban ƙi ba. Amma in tararki ta kwana biyu ce, cajin biyan ya fi tarar kanta, ga layi. Da za a tara ƙananan tarori a rubuce, a biya gaba ɗaya a ƙarshen zango, da kowa ya huta.

Babban ƙorafina kuwa a kan malamai ne, kuma da girmamawa nake faɗa, don ni ma aikin da nake shirin yi ke nan. Malami yana ɗaukar littattafai fiye da ɗalibi, ya riƙe tsawon zango. Wannan ba laifi ba ne, shi ke shirya darasi. A rubuce akwai dokar kira: in wani ya nemi littafin da ke hannun malami, laburare zai aika masa takarda ya dawo da shi cikin sati ɗaya. A aikace ban taɓa ganin ta yi aiki ba. Lokacin furojet ɗina na nemi wani littafi kan hanyoyin koyar da karatu da harshen uwa. Katalog ya nuna akwai shi, kanta ta nuna babu. Wani matashin ma'aikaci ya duba akwatin, ya zaro tikitin, na ga hatimin da ke kai ya kwana biyu ƙwarai, tun kafin zangon da ya wuce. Ya rage murya ya ce, "Hajiya, yana wurin wani babba ne. Ni ba zan iya aika masa takarda ba." Ban ga laifin yaron ba, ƙaramin ma'aikaci ne. Amma ki duba: ɗaliba ta makara kwana uku an ci ta tara, babba ya riƙe littafi shekara ba wanda ya ce masa uffan. Littattafan nan kuwa da yawansu na ɗauke da hatimin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu da dokar 2011 ta kafa, wanda ake cika shi da harajin da kamfanoni ke biya. Dukiyar jama'a ce, ba ta ofishin kowa ba. Gyaran ba ya buƙatar ko sisi: takardar kiran ta riƙa fitowa da sa hannun shugaban laburare kai tsaye, kuma duk littafin da malami ya sa a jerin karatun kwas a ɗauki kwafi ɗaya a kai teburin Mama tun kafin a fara lacca.

Mu ɗalibai ma muna da namu. Littattafan an jera su ne bisa tsarin laburaren majalisar dokokin Amurka, mai amfani da haruffa: L na ilimi, Q na kimiyya, DT na tarihin Afirka, Hausa tana cikin PL. Wasu sun gano cewa in suka ɗauki littafin LB, wato na sashen ilimi, suka cusa shi tsakanin na DT, ba mai ganinsa sai su. Ba sata ba ce a ganinsu, tunda bai fita ba, amma ga wanda ke nema daidai yake da an sace. Shi ya sa dokar da ta ce ki bar littafi a kan tebur in kin gama, kada ki mayar da kanki, take da ma'ana, ko da yake da farko na ɗauka ƙyuya ake koya mana. Mafi muni su ne masu yage shafi da reza. Ki buɗe babin da kike nema ki tarar daga shafi na 84 an tsallaka 97. Yanzu da kowa ke da waya mai kyamara, kuma ga mai fotokwafi a bakin ƙofa, ban san uzurin da mai yin haka zai kawo ba. Hukuncin dakatarwa da suka tanada a kan wannan bai yi tsauri ba ko kaɗan.

In littafi ya ɓata a hannunki, za ki sayo irinsa ko sabon bugu, in bai samu ba ki biya ninkin kuɗinsa da za su yanke. Da faɗuwar darajar naira, littafin da aka bugo a waje yanzu zai iya cinye kuɗin makarantar zango. Saboda haka kada ki ari littafi da tikitinki don ƙawa, komai kusancinku. Sunan da ke kan tikiti shi ake bi. Na ga wata 'yar ajinmu tana kuka a ranar sallama saboda littafin da ta karɓar wa wata tun shekara ta biyu, wadda ta riga ta bar makarantar ta koma Bauchi. Ba a sa mata hannu ba sai da iyayenta suka biya, kuma sakamakonta ya makara.

A kan wannan ma ina ganin laburaren zai iya yin fiye da haka. Ana karanta mana dokokin sau ɗaya a taron sababbin ɗalibai, cikin hayaniya, daga nan ba wanda zai sake tuna miki sai ranar da kika zo neman sa hannu, a buɗe akwati a fito da bashin shekara biyu. Suna da lambar wayar kowa a fom ɗin rajista. Ko jerin sunayen waɗanda ake bi littafi aka riƙa mannawa a allon kowane sashe a ƙarshen zango, da an ceci mutane da yawa, littattafan ma da sun dawo da wuri. Kafin su fara yin hakan, duk wadda ta mayar da littafi ta tsaya a gaban tebur har sai an zare katin an miƙo mata tikitinta a hannu, ta duba sunanta ne a kai, sannan ta tafi.