Saƙi, Shadda ko Yadin Kanti: Wanne Za Ka Saya Don Rigar Kanawan Da?

Kowace shekara, wajen ƙarshen watan Yuli, ƙungiyar Costumer's Guild West takan shirya taron Costume College a yankin Los Anjalas na Amurka. Masu ɗinki ne ke haɗuwa, kowa sanye da tufafin wani zamani da ya ɗinka da hannunsa. Da rana ana darussa, daren Asabar kuma babbar liyafa. Yawancinsu kayan Turawan ƙarni na 18 da na 19 suke yi, kuma mutane ne masu ido: sai su ɗaga gefen rigarka su duba ko keke ne ya yi ko allura. Ni da na ƙudura zuwa, rigar attajirin Kano na zaɓa, irin wadda matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya tarar a 1851, lokacin da tufafin birnin ke kaiwa har Tumbutu da Tarabulus. Idan kai ma irin wannan niyyar gare ka, ɗan'uwa, kafin ka ɗauki almakashi sai ka san yadin da za ka saya.

Shadda ba ta cikin lissafi. Kyakkyawa ce a ranar Sallah, amma saƙar masana'anta ce, kuma mai ido zai gane ta tun daga bakin ƙofa. Lilin ko audugar kantin Amurka kuwa sai dai a gwada yanka da su.

Saƙi nake so ka saya, na hannu, wanda masaƙi ya zauna ya fitar ƙwarya-ƙwarya, wato dogayen tsiri siri-siri. Faɗin kowace bai wuce 'yan yatsu ba, zaren fari da na shuni sun sarƙe sun ba da ɗigo-ɗigo kamar jikin zabo. Daga nesa launi ɗaya kake gani, sai ka matso idonka ya fara rarrabe zaren. Haɗa ƙwaryoyin nan baki da baki shi ne rabin aikin, kuma shi ne abin da ke ba rigar zubinta: idan ka naɗe hannun bisa kafaɗa sai ya zauna daram, ba ya zamewa. Tana da nauyi, ban ɓoye maka ba, amma auduga ce zalla, iska na ratsa ta. Na wuni da tawa a zauren otal cike da jama'a, ban jiƙe da gumi ba. Wanda ke son ƙyalli sai ya nemi kore, wadda aka rina ta yi baƙi wuluk, masu bugu suka buge ta da ƙarin shuni har ta ɗauki sheƙi, aikin da aka san mutanen Kura da shi. Sai dai tana zuba a jiki da kujera, ka sani tun yanzu.

To, a nan ne cuta take, kuma a nan aka taɓa ni. Na yi odar zaren tsamiya daga wani mai talla a intanet, don aikin aska takwas na ƙirji da aljihu. Tsamiya silikinmu ne na gida, daga gidan wata tsutsa da ake samu a kan itatuwa, launinsa ruwan ƙasa mai dushi-dushi. Abin da ya turo ya yi kama ƙwarai. Mako uku ina sukar allura da dare bayan aiki. Ranar da na ɗora dutsen guga, sai zaren ya ƙanƙance ya narke, ya manne a jikin saƙin. Roba ce aka rina. Har yau idan na tuna raina yana ɓaci, don ƙirjin rigar gaba ɗaya sai da na farke.

Saboda haka kada ka biya kuɗi mai yawa sai an aiko maka da ɗan ƙyalle da ɗan zare. Kunna ashana ka ƙona. Siliki na gaskiya warin ƙonannen gashi yake yi, tokarsa ta murtsuke a yatsa. Auduga warin takarda, toka mai laushi. Roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule ta yi tauri kamar tsakuwa. Sannan juya bayan saƙin. Ƙwaryar hannu tana da bakinta na asali hagu da dama, ba ta zarewa. Masu ha'inci sukan yanka yadin inji mai faɗi siri-siri su ɗinke, sai ka ga bakin yana fitar da zare ko an kalmashe shi. Wasu ma ba sa wahalar yankan, layi kawai ake bugawa a kai. Saƙar da ta yi daidai tsaf, babu ƙulli babu kauri ko ɗaya, inji ne.

Kada kuma ka yarda da mai cewa "shafa ka gani, yana zuba, ai rinin ganyen baba ne." Shunin kanti ma yana zuba. Gara ka sa wani naka ya je marinar Ƙofar Mata da ƙafarsa, ya ga kayan da idonsa, ya shinshina, don warin karofi ba ya ɓuya. Kuma ka sayi ƙwaryoyin duka a hannun masaƙi ɗaya, lokaci ɗaya, da rarar biyu ko uku, domin rini biyu ba sa taɓa zuwa launi ɗaya.