Hayar motar jan tirelar jirgin ruwa: mai jan taya biyu ko mai huɗu?

A kan kwalta mai jan taya biyu ta wadatar, hayarta da shan manta ma sun fi sauƙi. A gangaren zura jirgi cikin ruwa ake ganin bambanci. Gansakuka kan lulluɓe simintin, tayoyin baya su hau santsi, in su kaɗai ke jan motar su yi ta juyawa a banza wajen fito da jirgin. Mai jan huɗu, irin Land Cruiser, tayoyinta na gaba na kan busasshen wuri, a ƙaramar giya take hayewa ba ƙonon kuloci.

Kowacce aka ɗauka, a karɓi izinin ja a rubuce, domin kamfanonin haya da yawa sun hana. A Birtaniya, tirelar da ta haura kilo 750 da kayanta dole ta kasance da birki.