Kujerar ɗaga yaro ta Graco TurboBooster: tana aikinta, amma ba kowane ɗan shekara huɗu ya isa hawanta ba

Graco TurboBooster mai majingina kujerar yara ce ta cikin mota, mara nauyi kuma mai sauƙin kuɗi, kuma a ganina ta ci kuɗinta ga duk wanda yaronsa ya isa hawanta. Inda gizo ke saƙar shi ne iyaye na gaggawar ɗora yara a kanta tun lokaci bai yi ba, saboda arharta da sauƙin amfani da ita, da kuma shekara huɗun nan da aka rubuta a jikin kwalinta. Shi ya sa ba a iya yanke wa wannan kujera hukunci sai an dubi yaron da zai zauna a kai.

Abu na farko da ya kamata mai saye ya sani shi ne kujerar ba ta ɗaure yaro da kanta. Ba ta da igiyoyin nan masu rassa biyar da ke haɗuwa a tsakanin ƙafafun yaro, irin na kujerar da ake sa shi tun yana goye. Aikinta kawai ta ɗaga shi sama, ta kuma bi da bel ɗin motar ta inda ya dace a jikinsa. Bel mai rassa uku da muke ɗaurawa a yau, wanda Nils Bohlin na kamfanin Volvo ya ƙirƙiro a 1959, da awon jikin baligi aka yi shi. Idan ɗan shekara biyar ya zauna kai tsaye a kan kushin mota, reshen kafaɗa zai ratsa ta wuyansa, sannan da yake cinyoyinsa gajeru ne sai ya zame gaba domin gwiwoyinsa su lanƙwashe a bakin kushin, nan take reshen ƙugu ya haye kan tumbinsa. Ƙashin ƙugun yaro kuwa bai gama ƙosawa yadda zai tokare bel ba, don haka in aka yi karo bel ɗin kan nitse cikin ciki ya ji wa hanji ko saifa ko ƙashin baya rauni. Maganin wannan ne ya sa Volvo ta fito da matashin ɗaga yaro a 1978. Wani bincike na asibitin yara na Philadelphia da aka wallafa a 2009 ya gano cewa yara 'yan shekara 4 zuwa 8 da ke kan irin wannan kujera sun fi tsira daga rauni da kashi 45 cikin ɗari. Sai dai a lura da kyau, an kwatanta su ne da yaran da aka ɗaure da bel kaɗai. Binciken bai ce kujerar ɗaga yaro ta fi mai igiyoyi biyar ba.

Takardar da aka manna a gefen samfurin da nake amfani da shi ta ce yaro ya kai shekara huɗu aƙalla, nauyinsa daga fam 40 zuwa 100 na awon Amurka, wato kusan kilo 18 zuwa 45, tsayinsa kuma daga inci 43 zuwa 57, kimanin santimita 109 zuwa 145. Sharuɗɗan ukun tare ake cika su, ba a ɗaukar ɗaya a bar biyu. A wani shago da na taya kujerar, yaron shagon ya dafa ta ya ce mini, "Alhaji, ai wannan ko ɗan shekara biyu zai hau, har ya gama firamare yana cikinta." Ba na zarginsa da mugun nufi, ciniki yake nema, kuma ya san halinmu: mun saba ɗinka wa yaro kayan Sallah da ɗan yalwa domin ya girma a ciki. Wannan dabarar ba ta aiki a kan kujerar mota, domin ranar da za a buƙace ta ba ta jiran yaro ya girma.

Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a bar yaro a kujera mai igiyoyi har sai ya kai iyakar nauyi ko tsayin da kamfanin da ya ƙera ta ya gindaya. Alamomin a bayyane suke. Idan kafaɗunsa sun haura ramin igiya na can sama, ko saman kunnuwansa ya wuce saman kujerar, ko nauyinsa ya zarce abin da aka rubuta, to ya fi ƙarfinta. Kujerun Amurka da yawa na ɗaukar yaro a cikin igiyoyi har fam 65, kusan kilo 29, alhali tsofaffin kujerun Turai da dama a kilo 18 suke tsayawa, saboda haka yara biyu sa'o'in juna na iya barin kujerunsu a lokuta daban ba tare da wani ya yi kuskure ba. Matsewar ƙafafu ko ƙorafin yaro cewa kujerar ta jarirai ce ba sa cikin alamomin.

Sharaɗin da ba a iya aunawa da sikeli shi ne natsuwa, kuma a wurina shi ne ya fi sauran nauyi. A cikin igiyoyi biyar, yaro ko ya so ko bai so ba yana nan inda aka ɗaure shi. A kan TurboBooster kuwa an miƙa masa amanar kansa ne, domin bel ɗin mota na biyo jiki duk inda ya karkata. Biskit ya faɗi ƙasa, ya sunkuya ɗauka, bel ya zame daga kafaɗa. Ya ga raƙumi ko jirgin sama ta taga, ya juya ya durƙusa a kan gwiwoyinsa. Bel ya ɗan goge shi a wuya, ya cusa shi a ƙarƙashin hammata ko ya jefa shi bayansa, mai tuƙi bai sani ba. Maɓallin kwancewa ma ga shi ja a kusa da hannunsa, yana kiran a danna. Idan aka taka birki da ƙarfi a daidai wannan lokaci, kujerar ba ta da abin da za ta yi masa. Ɗan shekara huɗu da zai zauna a miƙe tun daga gida har inda za a je ba shi da yawa, shi ya sa masu koyar da ɗaura kujerun yara da dama ke cewa a jira zuwa shekara biyar ko shida. Abin da na ga ya fi dacewa shi ne a fara gwada yaro a gajerun tafiye-tafiye na cikin unguwa, da babba a gefensa yana lura, a kuma riƙa mayar da shi tsohuwar kujerar a doguwar tafiya muddin bai fi ƙarfinta ba. In ya kasa zama, a ajiye sabuwar a ɗaki zuwa wasu watanni, ba ta lalacewa.

Ita kanta kujerar ba ta da wuyar haɗawa. Majinginar na maƙalewa a jikin mazaunin ba tare da wani kayan aiki ba, amma wuraren ɗora hannu sai an murɗa musu kusoshinsu da sukudireba, kuma bai kamata a yi wasa da wannan ba, domin ta ƙarƙashinsu reshen ƙugu ke bi, su ne ke hana shi hawa ciki. Wurin kai na hawa da sauka, yana tafiya tare da jan maratayin da bel ɗin kafaɗa ke ratsawa, sai a daidaita shi ya tsaya daidai kafaɗa ko sama da ita kaɗan. Idan an yi daidai za a ga bel ya kwanta a tsakiyar kafaɗa ya ratsa ƙirji, na ƙasa kuma ya kwanta a saman cinyoyi. Fukafukan da ke gefen kai sun fi burge ni, domin in barci ya ɗauki yaro nan yake jingina kansa maimakon ya kife gaba. Tana da mazubin kofi biyu da ake turawa ciki, rigarta kuma ana cirewa a wanke.

Akwai abin da ba a sa mata ba. Wannan samfurin ba shi da ƙugiyoyin da ke kama ƙarfen cikin kushin mota, waɗanda Amurkawa ke kira LATCH, Turawa kuma ISOFIX, samfurin LX kuwa yana da su. Ke nan duk lokacin da yaro ya sauka sai an ɗaure kujerar da bel ko da babu kowa a kai, in ba haka ba ta zama abin jifa a cikin mota idan aka yi karo. Kuma kafin a biya kuɗi a leƙa bayan motar tukuna, domin tsofaffin motoci 'yan Kwatano da yawa bel ɗin ƙugu kaɗai ke gare su a kujerar tsakiya, kuma ba a amfani da kujerar ɗaga yaro da bel ɗin ƙugu shi kaɗai ko kusa.

Ana iya cire majinginar a bar mazaunin kawai, amma ban ga dalilin gaggawa ba. A Ingila, tun 2017 sababbin samfuran matashi mara majingina ba a amince da su ba sai ga yaron da ya haura santimita 125 da kilo 22, kuma wannan ma'auni ne mai kyau ko ga wanda dokar ba ta hau kansa ba. In an cire, dole kushin motar ya tare kan yaro har zuwa saman kunnuwa. Mazauna Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai kuma su sani cewa kujerar da aka ƙera bisa ƙa'idar Amurka kaɗai ba ta halatta a can ba, sai mai ɗauke da tambari mai launin ruwan lemo na ƙa'idar Turai ta R44 ko R129.

Wanda zai sayi ta hannu ya juya ta ya karanta ranar da aka ƙera ta, domin samfuran yanzu shekara 10 kamfanin ya ba su, bayan haka a daina amfani da su. Tsofaffin samfura na ɗauke da fam 30 a matsayin mafi ƙarancin nauyi, kusan kilo 14, kuma ba zan ɗora yaro mai wannan nauyi a kai ba ko da takardar ta yarda, tunda kamfanin da kansa ya ɗaga adadin zuwa fam 40. Kujerar da aka taɓa yin haɗari da ita ma ba a sake amfani da ita, abin da mai sayar da kayan gwanjo ba shi da hanyar sani.

Sauka daga kanta ma yana da nasa lokaci. Likitocin yara na Amurka sun ce bel kan zauna daidai ne idan yaro ya kai kusan santimita 145, galibi tsakanin shekara 8 zuwa 12, kuma ya ci gaba da zama a baya har shekara 13. Dokar Ingila ta tsaya a santimita 135 ko shekara 12, ta Jamus kuma a santimita 150 ko shekara 12. Gwajin ba shi da wuya: yaro ya jingina bayansa sosai, gwiwoyinsa su lanƙwashe a bakin kushin ba tare da ya zame ba, bel ya kwanta a cinya da tsakiyar kafaɗa, ya kuma iya zama haka har ƙarshen tafiya. A yi gwajin a kowace motar da yake shiga, domin zurfin kushin ya bambanta, yaron da bel ya yi wa daidai a ƙaramar motar mahaifiyarsa na iya buƙatar kujerar a babbar motar mahaifinsa.