Babbar na'urar faifan CD a falona: abin da kunnena ya ji

Tun farkon hunturun bara na'urar nan take falona a Unguwar Rimi da ke Kaduna, kuma na saurare ta har ɗokin sabon kaya ya sake ni, don haka yanzu zan iya faɗin ra'ayina tsakani da Allah. Na'urar kunna faifan CD ce ƙirar Japan, daga cikin manyan da kamfani ke alfahari da su. Ba ta nuna hoto, ba ta kama tashar rediyo, ba ta haɗuwa da waya. Aikinta ɗaya ne, ta karanta faifai ta miƙa sauti ga amfilifaya. Ta hannu na saya, cikin kayan da ake shigowa da su daga Turai, domin sabuwar irinta a can dubban daloli take ci. Sautinta ya kai yadda ake zuzuta shi, amma fa ga wanda yake da faifai na ƙwarai. Wanda duk faya-fayansa kwafi ne, ya riƙe kuɗinsa.

Jikinta ƙarfe ne mai kauri, sai ka sa hannu biyu za ka ɗaga ta. Tiren da ake ɗora faifai yana fita yana komawa a hankali ba ƙara, kuma idan faifai na juyawa ko ka kusanto da kunnenka da ƙyar za ka ji motsi. Wannan nauyi ba ado ba ne. Hasken leza ne ke bin wani siririn layi a jikin faifan, layin da ya nannaɗe daga tsakiya zuwa baki, tsawonsa ya haura kilomita 5, faifan kuma yana juyawa kusan sau 500 a minti daga farko, ya ragu zuwa kusan 200 idan an kusa ƙarshe. Duk girgizar da ta shiga, ko ta lasifika ce ko ta tebur, ƙarin wahala ce ga idon da ke bin layin.

Da faifan karatun Alƙur'ani na fara gwada ta, wani orijina da aka kawo mini tsaraba daga Saudiyya shekarun baya. Na san faifan nan sarai, na sha jin sa a mota da kuma a ƙaramar na'urar DVD da yara ke kallo da ita. Abin da ya fara kama ni shi ne muryar makarancin ta tsaya a wuri guda, tsakiyar lasifika biyu daidai, da girmanta na muryar mutum. Ana jin jan numfashinsa kafin ya shiga dogon maddi. Gunna tana fitowa ta hanci da kaurinta, ƙalƙala a kan dalun da ba'un tana bugawa ta saki da tsabta, sannan bayan ya tsaya a ƙarshen aya, amon wurin da aka ɗauki karatun yana ci gaba kaɗan kafin ya ɓace. A ƙaramar na'urar, wannan amo yankewa yake yi farat ɗaya, kuma harafin sinun yana fitowa da wani tsini mai soke kunne idan aka ƙara murya. A nan babu wannan tsinin. Kana iya ƙara murya sosai ba ka ji kanka ya yi nauyi ba.

Yayana ya daɗe yana koyar da tajwidi a Tudun Wada, kuma ba mutum ne da kayan lantarki ke burge shi ba. Da ya zo gaishe mu na kunna masa ban ce komai ba. Can sai ya ɗaga hannu ya ce, "Mayar mini da ayar nan." Na mayar. Ya ce, "Yau na ji yadda bawan Allah nan yake raba sinun da sadun. Wani sabon ɗauka ne?" Na ce, "A'a Yaya, faifan da ka sani ne." Shaidarsa ta fi tawa ƙarfi, domin shi bai kashe ko kwabo ba balle son zuciya ya sa shi yabo.

Inda na fi jin daɗinta kuwa shi ne kiɗan gargajiya, ga 'yan faya-fayan da aka ɗauka da kyau. Kalangu kayan kiɗa ne mai wuyar sha'ani ga na'ura, saboda bugu ɗaya yana ɗauke da abu biyu: saukar sanda a kan fata, da kuma lanƙwasar amo lokacin da makaɗi ya matse tsarkiya a hammatarsa ya sake. Ƙaramar na'ura tana ba ka bugun, ta haɗiye rabin lanƙwasar. Wannan tana ba ka duka biyun, har ka bi maganar da kalangun ke yi. Idan 'yan amshi suka karɓa, ba dunƙulen murya ɗaya kake ji ba, kana iya ware mai kaurin murya a hagu da mai siririya a dama, da wanda yake ɗan makara wajen shiga. A kukuma ana jin gogar izga a kan tsarkiya, wannan ɗan kaushin da ke sa kukanta ya taɓa zuciya. Sauti mai kauri na ƙasa bai cika yawa ba, kuma na san samarin da suka saba da lasifikar biki za su ce bes ɗinta ya yi kaɗan. Ni a wurina daidai yake, domin kowane bugun ganga yana farawa ya ƙare kafin na gaba ya shigo, ba ya malala ya rufe muryar mawaƙi.

Akwai masu cewa duk na'urar CD ɗaya ce tunda lambobi take karantawa, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Tun da Sony da Philips suka fitar da tsarin, Sony kuma ta fara sayar da na'urarta CDP-101 a Japan a watan Oktoban 1982, ƙa'idar ba ta canza ba: ana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kowane awo da bit 16, wato jerin lambobi 16 na sifili ko ɗaya. Idan faifai lafiyayye ne, lambobin da na'urar dubu goma za ta karanto su ne mai tsada za ta karanto. Bambancin yana zuwa ne bayan karatun. Dole a juya lambobin su koma sauti, aikin sashen da ake kira DAC ke nan, sannan a ɗaga wannan sautin a fitar da shi ta waya ba tare da hayaniyar wuta ta gauraya da shi ba. A ƙaramar DVD, sashen hoto da na sauti da injin juya faifai duk daga ƙaramar hanyar wuta ɗaya suke sha, an cusa su wuri guda. A babbar na'ura akwai transifoma mai nauyi, an raba wutar injin da ta sauti, an kuma kashe kuɗi a kan kayan da sautin ke bi ta ciki. Shirun da ke bayan murya daga nan yake fitowa.

Ban yarda da kunnena kawai ba, domin na san duk abin da ya ɗan fi ƙara, kunne yakan ɗauka ya fi daɗi. Na haɗa na'urorin a amfilifaya ɗaya, na daidaita ƙarfin muryarsu gwargwadon iko, na juya baya ɗana yana sauyawa ba tare da ya gaya mini wadda ya kunna ba. Tsakaninta da DVD ban sha wahalar ganewa ba. Amma da wani abokina daga Malali ya kawo tasa, matsakaiciyar na'urar CD mai kyau wadda kuɗinta bai kai rabin na tawa ba, sai tazarar ta ragu ƙwarai. Tawa ta fi ta natsuwa idan kiɗa ya cakuɗe, muryoyi sun fi rabuwa, amma sai ka zauna ka kasa kunne. Mai shiga da fita yana hira ba zai lura ba. Duk wanda ya gaya maka ninkin kuɗi yana kawo ninkin daɗi, bai gaya maka gaskiya ba.

Babbar matsalar tana wajen faifan da muke da shi. Yawancin abin da aka sayar mana shekara da shekaru a kasuwa da bakin titi kwafi ne, kuma da yawa daga MP3 aka ƙona su. Faifan CD na asali yana zubo bayanai kilobit 1,411 a daƙiƙa, MP3 da aka fi yaɗawa kuwa 128 ne, wato an zubar da kusan kashi goma cikin goma sha ɗaya don fayil ya yi ƙarami. Abin da aka zubar ba ya dawowa ko da an mayar da waƙar kan faifai. Bambancin kamar na furar da aka dama da kindirmo ne da wadda aka dama da madarar gari, ido zai ce ɗaya ne, harshe ba zai yarda ba. Na'urar nan ba ta rufa wa irin wannan faifai asiri. Tafi da kacau-kacau suna fitowa da wani shuu kamar ana watsa ruwa, murya ta yi faɗi ba ta da tsakiya. A ƙaramar rediyo ba ka jin wannan aibin, a nan kuwa yana zaune a gabanka. Faifan sauti na gaskiya minti 74 zuwa 80 yake ɗauka, saboda haka duk faifan da ka ga an rubuta waƙa ɗari a bayansa MP3 ne, kuma tawa ma ba ta karanta irinsa sam.

Abin da ya fi damuna a nan shi ne kiɗanmu. Da yawa daga cikin manyan waƙoƙin Hausa a kaset suka rayu, daga kaset aka kwafa zuwa kaset, daga baya aka juye su a kwamfuta, 'yan tura waƙa suka ƙara matse su don su shiga memori. Idan na sa irin wannan faifai, abin da nake ji shi ne yawan abin da ya salwanta a hanya. Kaduna gari ne da gidan rediyo ya shafe shekaru tun zamanin Jihar Arewa yana ɗaukar makaɗa da mawaƙa. Ina fatan duk inda tef na asali ya rage, a gidan rediyo ne ko a hannun iyalan mawaƙan, a juye shi da kyau ba tare da matsewa ba, a sayar mana da kuɗinmu. Haka su ma situdiyoyin yau, su daina danne waƙa don ta yi ƙara a waya, har tsakanin raɗa da ihu ya zama babu tazara.

Kada kuma wani ya sayi irin wannan na'ura ya haɗa ta da lasifikar roba. Lasifika da ɗaki sun fi na'urar faifai tasiri a kan abin da zai iso kunnenka, nesa ba kusa ba. Falona tayil ne, kuma sai da na shimfiɗa kafet mai kauri, na sa labule, na janye lasifikan daga jikin bango kafin muryar ta zauna. Mai kuɗi ƙayyadaddu ya fara da lasifika, sai amfilifaya, na'urar faifai ta zo daga ƙarshe.

Tana da nata aibin. Tana jinkiri kafin ta gane faifai, rimot ɗinta bai dace da darajarta ba, kuma faifan da ya karce sosai wanda DVD za ta lallaɓa ta wuce, ita takan tsaya. Sai kuma lamarin wuta. A janareta nakan ji wani siririn gunji a lasifika, don haka na mayar da ita kan inbata, tunda cin wutarta bai kai na fankar silin ba. Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gabarta, kullum a rufe take da mayafi idan ba ta aiki, kuma ba na barin tire a buɗe. Faifai kuwa daga tsakiya zuwa baki ake goge shi da tattausan ƙyalle, ba a zagaye, domin karcen da ya bi layin karatu shi ya fi wuyar gyaruwa ga na'ura. A kula da bayan faifan ma, wajen rubutu, don bayanan sun fi kusa da wannan ɓangaren.

Ga mai niyyar sayen ta hannu, ya fara duba rubutun wuta a bayanta. Wutarmu bolt 230 ce, ta Japan 100, ta Amurka 120, kuma wadda aka ƙera don can idan aka soka ta kai tsaye ƙonewa za ta yi, sai an haɗa ta da transifomar rage wuta. Ya tafi da faifansa da ya sani, kada ya dogara da na mai shago. Ya haɗa da faifan kwafi guda, domin idon da ya fara rauni a kan irinsa yake fara gazawa, sannan ya tsallaka zuwa waƙar ƙarshe ya ga ko za ta kai bakin faifai ba tangarɗa. Mai gyaran da ya duba mini tawa ya ce, "Alhaji, idon nan yana da sauran kwana, amma ka nemi wani ka ajiye tun ana samu." Na ba da saƙo an kawo mini, yana cikin durowa a kwalinsa.